Faskare da tarakta: yadda na koma sana'ar gidanmu a Garwa

Assalamu alaikum ƴan uwa. Mutane da yawa in suka biyo ta wurin aikina suka ga gungume yana rabewa gida biyu babu mai ɗaga gatari, sai su tsaya suyi ta tambaya, a ina ka samo injin faskaren nan, ƙarfinsa ton nawa ne, ni ma in na saya zai yi min? Toh na gaji da bada amsa guntu-guntu a tsaye rana na dukana, shi yasa nace bari in zauna in bada labarin tun daga tushe, mai niyyar shiga harkar ya ɗauki abin da zai amfane shi.

Ni haifaffen Garwa ne, nan arewacin Kamaru. Kakanninmu fatake ne daga ƙasar Kano, fatauci ya kawo su bakin Binuwai suka zauna. Amma ni dai da na buɗe ido itace na tarar ana sayarwa a ƙofar gidanmu. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, shi ke sarowa, ƙaninsa da muke ce wa Kawu shi ke faskare, mu yara aikinmu ɗaure dami da tura pus-pus, wato amalanke, zuwa gidajen masu tuyar ƙosai kafin mu tafi makarantar allo. Wallahi ba na son aikin nan ko kaɗan a lokacin. Ina ganin yadda Kawu yake dawowa da yamma hannu duk kanta, ƙirji na ciwo, da dare sai an gasa masa baya da ruwan zafi, sai nace a raina ni kam ba zan tsufa da gatari a hannu ba. Ina tasawa na bi wani Alhaji zuwa Ngong na zama yaron tarakta, can inda ake noman masara da auduga sosai, na fara da wanke mota da ɗaura garma har Allah yasa na iya tuƙi da ɗan gyare-gyare. Bayan shekaru, da kuɗin adashi da shanun noma guda biyu da na sayar, na mallaki tawa, tsohuwar Massey Ferguson 165 mai injin Perkins. An daina ƙera irinta tun 1975, ta girme ni nesa ba kusa ba, amma har yau bugu ɗaya take tashi in batir na da rai.

Matsalar tarakta a ƙasarmu kowa ya sani. Ruwa ya sauka wajen ƙarshen Mayu ko Yuni, kowa na nemanka har da masu kwana a ƙofar gidanka don ka fara yi musu huɗa, zuwa ƙarshen Yuli shikenan an gama. Da kaka ka ɗan samu jigilar masara da gyaɗa. Daga nan sai ta kwanta a gindin darbejiya kaji na ƙwai a ƙarƙashinta, taya na tsagewa da rana, kai kuma kana cin kuɗin damina har ya ƙare tun kafin azumi wani lokacin. Ga iyali, ga mahaifiya, ga harkar itacen gidan da ta dawo wuyana bayan rasuwar mahaifina. Kawu ƙarfi ya ja baya, samarin da ada suke zuwa faskare duk sun koma haya da babur, wanda ka samu ma ƙananan rassa zai taɓa maka, in ya ga babban gungume mai ƙulli sai yace gobe zai dawo, goben da ba ta zuwa. Har muka tara wani tuli na manyan kututture a bayan gida, darbejiya da mangwaro da iskar farkon damina ta kayar a cikin gari masu gidajen suka roƙe mu mu kwashe, itace ne mai kyau amma ba mai saye tunda ba ya shiga murhu ba ya shiga tanderun burodi, gara kawai ke cin rabonta.

Wani ɗan ƙanwar mahaifiyata dake aiki a Faransa shi ya fara turo min bidiyo ta WhatsApp, wani Bature shi kaɗai a bayan tarakta yana tsaga gumagumai yana tarawa. Na kalla na sake kalla, na kai wa Kawu ya gani, yace ɗan nan itacen Turawa ne wannan, laushi gare shi, a kawo masa kirya mu gani. Kuma maganarsa akwai gaskiya a ciki, zan zo wurin.

Wanda ya buɗe min ido a harkar nan wani dattijon bakanike ne da ya yi shekaru yana gyaran katafila da manyan motocin aikin hanya, Baba muke ce masa dukkanmu. Shi ya zaunar dani ya rarrabe min ire-iren injinan faskare. Akwai wanda yake da ɗan injinsa na fetur a jikinsa, wannan ba ruwansa da tarakta, amma ƙarin inji ne da zaka riƙa ciyarwa kana gyarawa alhali kana da Perkins a kwance. Akwai mai kama da ƙaton sukuru mai tsini, yana juyawa yana huda itacen har ya fashe, yana da arha kuma masu walda na iya haɗa shi, amma Baba yace ko kyauta aka bani kar in karɓa, don in itace ya kama ya fara juyawa tare da shi, ko ya ja hannun riga, ba ya jin a tsaya. Sai na uku, mai aiki da matsin mai, wato hidirolik, wanda ake ratayawa a hannuwan nan uku na bayan tarakta inda garma take zama. Shi ma gida biyu ne, wani man tarakta yake sha kai tsaye ta tiyo biyu, wani kuma yana da famfonsa da tankinsa, sandar bayan tarakta mai juyawa da muke ce wa piriz ita ke juya masa famfon. Sannan akwai na kwance akwai na tsaye. Na kwance dole ka ciccibi gungumen ka ɗora masa a kan gado, na tsaye kuwa mirgino shi zaka yi a ƙasa ka miƙar da shi a ƙarƙashin wuƙar. Ga wanda ya san nauyin ɗanyen kututturen mangwaro ba sai an gaya masa wanne zai zaɓa ba.

Muka ji labarin akwai wani na hannu a Ngaundere wurin masu shigo da tsofaffin kayan noma daga Turai, tunda can jirgin ƙasa yake tsayawa kaya da yawa nan suke fara sauka. Na biya wa Baba kuɗin mota muka hau dutsen Mbe tare. Injin na tsaye ne, fenti ya koɗe amma ƙarfen lafiya lau, a gefensa an manna wata sabuwar takarda fes an rubuta 22 T da manyan baƙaƙe. Mai kayan sai nanata min yake, Alhaji ton ashirin da biyu ne fa, ko dutse ka saka masa zai fasa. Ni har raina ya biya. Baba bai ce uffan ba, ya ciro ɗan ma'auninsa daga aljihu ya auna kaurin silindar, ya cire kaurin bangonta a ƙiyasi, yace cikinta milimita 100 ne. Ya tsuguna ya share ƙasa da tafin hannu ya fara rubutu da tsinke. Yace yaro duba nan, fuskar fistin mai faɗin milimita 100 tana bada santimita murabba'i 78 da ɗoriya, taraktarka kuwa ranar da na saka mata agogon matsi bar 170 ta nuna, bar ɗin nan shi ne ma'aunin matsin mai, toh 78 sau 170 nawa kenan? Na danna a waya, dubu 13 da ɗan kai. Yace kilo kenan, ton 13, shi ne abin da wannan ƙarfen zai baka a bayan motarka, in kana son 22 sai matsin ya haura bar 270, kuma tsohuwarka ba ta da wannan numfashin. Mai kayan ya fara cewa ai haka takardar tazo, Baba ya ɗan kankare gefenta da farce sai ga tsohon rubutun kamfanin a ƙasa. Ba mu yi masa tonon asiri a gaban mutane ba, amma farashi ya sauko sosai.

Sai ya sa aka fito da sandar silindar gaba ɗaya ya bi ta da yatsa daga sama har ƙasa yana neman ƙarzuwa ko tsatsa, don sanda mai rauni ita ke cinye robar da ke tare mai, ka canza yau gobe ta sake yoyo. Ya ɗora igiya a jikin doguwar ƙarfen da komai ke zaune a kanta ya ga bata lanƙwashe ba. Ya duba ƙusoshin ratayawa ko sun dace da hannuwan taraktata, don akwai masu kaurin milimita 22 akwai na 28, in ba su zo ɗaya ba sai an saka musu zobe. Abin da bai tsaya dubawa ba shi ne tiyo, yace waɗannan ko ya suke zubarwa zamu yi.

A hanyar dawowa yake gaya min maganar da har yau ita nake fara gaya wa duk mai tambaya. Yace mutane ton suke saye, amma abin da ke cika amalanke da itace kafin azahar gudun mai ne. Ba girin-girin ba dai ta yi mai. Silinda mai faɗin nan in zata sauka mita ɗaya sai ta sha kusan lita 8, famfon cikin tsohuwar Massey kuwa ko lita 20 ba ya turawa a minti ko ka taka mata wuta, kaga kenan saukowa ɗaya kusan rabin minti. Kuma duk wanda ya ƙara faɗin silinda don neman ƙarfi, sauri ya rage wa kansa, ba a samun biyun a famfo ɗaya.

Kuɗina a lokacin iyakarsu kenan, don haka shekarar farko da man tarakta muka yi aiki, da sanin cewa a hankali zai tafi. Baba ya fitar min da layin mai daga jikin motar, ya maida na dawowa cikin akwatin giya tunda a irin wannan tarakta man giya da na hidirolik duk abu ɗaya ne a wuri ɗaya. Ko a hakan tulin nan na bayan gida da ya shekara yana kallonmu mun cinye shi tas, kuma ya zo daidai da lokacin gasar ƙwallon Afirka ta farkon 2022 da aka buga wasu wasannin a filin Rumde Ajiya, ƴan Najeriya suka cika gari maƙil ta Yola da Mubi, masu burodi da masu soya, wato gasasshen nama, ba sa barci, itace ko na rantsuwa ba ya kwana. Da ribar nan na sayi famfo na piriz. Shi piriz juyi 540 yake yi a minti, famfon kuma yana son wajen 1,500 ko fiye, don haka akwai ɗan akwatin giya da ake sakawa a tsakani yana ninka juyin kamar sau uku. Famfon da muka samu yana bada wajen lita 40 a minti, saukowar da ke cin rabin minti ta dawo daƙiƙa 12. Mai walda ya haɗa min tanki na lita 60, Baba ya hana a zuba masa mai sai da aka wanke cikinsa da gazwal, wato man dizal, aka goge da tsumma har tsumman ya fito fari, don ƙwayar walda ɗaya in ta shiga famfo ta gama da shi. Aka sa matata a layin dawowa, aka ɗaure bawul ɗin kariya a bar 200. Ribar da ban zata ba ita ce man taraktata ya huta, ƙurar wurin faskare ta daina shiga cikin giyarta.

Toh sai zafi. Wanda ya ƙera injin nan ƙasar sanyi ya ƙera wa, bai san Garwa a watan Maris da Afrilu ba, lokacin da ma'auni ke haura 40 tun kafin azahar. Mai in yayi zafi tsinkewa yake ya zama ruwa-ruwa, ƙarfi ya ragu, robobi su fara sakin jiki, in ya doshi digiri 80 kuwa ɓarna ake yi ba aiki ba. Mu dai mai lamba 68 muke zubawa, ba 46 da aka rubuta a jikinsa ba, kuma da zarar an idar da asuba muke tayarwa, hantsi ya dubi ludayi mu kashe, sai bayan la'asar in da sauran aiki. Ma'aunina tafin hannu ne, in na ɗora a jikin tanki na kasa barinsa a wurin, toh kowa ya nemi inuwa. Akwai kuma ɗabi'ar da ke dafa mai a banza, yaro ya riƙe liba bayan silinda ta kai ƙarshe, zaka ji injin ya canza murya yana wani kuka siriri, man ne ke tsallakewa ta bawul ɗin kariya yana zama zafi zalla. Da hunturu kuma ƙura ce abokiyar gaba, kafin a haɗa bakin kowace tiyo sai an goge shi, in an cire a rufe da leda a ɗaure da roba.

Yanzu maganar Kawu da kiryarsa. Ranar da aka kawo mana wani tsohon kututturen kirya da aka tono a gonar da za a yi gini, busasshe ƙamas mai rassa biyu a kai, Kawu ya jawo kujerarsa ya zauna yace yau zan ga ƙarshen Bature. Yarona ya miƙar da shi ya saita wuƙar a tsakiya daidai kan ƙullin, ya danna. Wuƙa ta shiga kamar yatsa biyu ta tsaya cak, tarakta ta yi nishi, tiyo suka miƙe. Kawu yayi dariya har da buga cinya. Can sai ya tashi da kansa, ya zagaya gungumen yana shafa shi, yace ku juya shi, kan ya koma ƙasa gindin ya dawo sama, kar ku nemi tsakiya, ga tsaga nan siririya ta gefe ku bi ta, ku riƙa ɓantarar bayansa kuna zagayawa. Aka yi yadda yace. Ɓangare na farko ya fita da ƙara kamar an harba bindiga, cikinsa ja wur yana ƙyalli, na biyu, na uku, kafin a jima ƙullin ya rage shi kaɗai ɗan dunƙule, shi ma da aka biyo masa ta ƙasa tsakanin rassan biyu ya buɗe. Tun daga ranar Kawu ne mai karanta itace a wurin, ba ya ɗaga komai, da sandarsa kawai yake nuna inda za a sa wuƙa, kuma ina biyansa kamar kowa, har yafi kowa. Ton 13 ko 15 da idon wanda ya shekara arba'in yana faskare sun fi ton 30 a hannun wanda bai san jijiyar itace ba.

Kowane itace da halinsa. Darbejiya da kasiya ba su da gardama. Marke yana da tauri amma yana tsagewa miƙe, kuma masu soya sun fi sonsa saboda garwashinsa na daɗewa. Mangwaro ɗanye ruwa ne da nauyi, tsagewa kam yana yi, sai dai ka bashi lokaci ya bushe. Itacen turare da ake kawowa daga wajen Ngaundere kuwa tun yana ɗanye ake gamawa da shi, in ya bushe zarensa murɗewa yake, wuƙa ta wuce har ƙasa amma ɓangarorin na riƙe da juna sai an bi da gatari an yanke. Tsamiya in ta tsufa ita ma sai a hankali. Kuma yankan da mai injin zarto yayi tun farko shi ne rabin aikin, in ya yanka a karkace gungumen ba zai zauna daram ba, matsi na hawa sai ya zame ya yi tsalle, ƙafar mutum yake nema.

Abin da yafi tsaya min a rai a duk harkar nan hannuwan yaran da ke min aiki ne. Injin yazo da liba biyu, sai ka kama su duka da hannu biyu wuƙa take sauka, ka saki ɗaya ta tsaya. Turawa sun yi haka ne da gangan don kar hannu ya samu damar zuwa kan itacen. Yaranmu kuwa wayo, rana ɗaya na dawo daga sallah na tarar an ɗaure liba ɗaya da robar taya wai don ayi sauri, ɗaya na riƙe gungume ɗaya na dannawa. Na kashe motar na zare makulli na sallami kowa ranar ba aiki. Dokar wurin tun daga nan, wanda ya saita itace shi ke danna liba, ba mutum biyu a kan inji, gungume a gefe ake riƙe shi ba a ka ba, kuma in ya tsage rabi ya maƙale ba a cusa yatsa a cikin tsagar, don in ta koma ta rufe ba ta tambaya. Sai piriz. Mu mutanen jallabiya ne da babbar riga da rawani, sandar nan kuma juyi tara take yi a daƙiƙa ɗaya, kafin ka ce wayyo ta naɗe ka. Ba mai zuwa bayan taraktata da riga mai fuka-fuki, ni kaina in na zo daga masallaci sai na tuɓe na rataye na sa ƴar shara. Yaran unguwa masu son kallo kuwa akwai igiya da muka ja, nan suke tsayawa.

Akwai wani haɗarin da yawancin mutane basu ma san da shi ba. Wani maƙwabcin sana'a mai motar juye yashi, yaronsa ya ga tiyo na jiƙewa da mai bai ga inda yake fita ba, sai ya bi jikinta da yatsa mota na aiki. Yaji kamar ƙaya ta soke shi, ɗan ɗigo ne kawai a yatsan ko jini babu, ya goge ya ci gaba da harkarsa. Kafin wayewar gari hannu ya kumbura suntum har gwiwar hannu, ashe man ne ya huda fata ya shige cikin nama saboda matsi. Sai da aka yi masa tiyata aka buɗe aka wanke, yatsan dai bai dawo daidai ba har yau. Don Allah duk mai harka da hidirolik ya riƙe wannan, yoyo da guntun kwali ake nemansa ba da hannu ba, kafin a kwance kowace tiyo a kashe inji a kaɗa liba gaba da baya matsin ya fita, in kuma tsautsayi ya faɗa a tafi asibiti a take a gaya wa likita mai ne ya shiga, kar a tsaya shafa man zafi ko zuwa wurin mai ɗori. Tiyo kuma a sayi mai waya biyu a ciki wadda aka rubuta ƙarfin matsinta a jiki, a matse bakinta da inji, ba a ɗaure ta da waya irin ta famfon ruwa.

Ta fannin kuɗi, ba zan ce wa kowa akwai arziƙin dare ɗaya a ciki ba. Gazwal da muke sayen lita sefa 575 ya koma 720 a 2023, ya sake hawa 828 a 2024, kuma tun da Najeriya ta cire tallafin mai, hatta fetur ɗin zuwa-zuwa, wato na sumoga, da injin zarto ke sha ya daina arha. Tarakta mai ƙarfin doki sittin tana juya famfon da bai buƙaci ko ashirin ba, don haka ba a taka mata wuta, a ɗan sama da salo take aikin. Ba na tayar da ita don ƙananan rassa, wannan aikin gatari ne har gobe. Sai an yanka an jera gumagumai sun taru a kusa da inji, mai mirginowa na nan mai kwashewa na nan, sannan a tayar, don minti ɗaya da wuƙa ke jiran itace gazwal ne ke ƙonewa a banza. Akwai wata ƴar sanda a jikinsa da ke taƙaita komawar wuƙa sama, in gajeru muke yi na murhu sai a ɗaure ta, ba sai ta koma har ƙarshe ba. Masu burodi dogaye suke so, masu soya da kilishi matsakaita, matan da ke ƙosai da ƙuli-ƙuli ƙanana, masu bandar kifi daga Lagdo su kuma in sun zo mota guda suke ɗauka. Wani lokacin ma ba itacena bane, mutum bishiya ta faɗi a gidansa sai in tuƙa tarakta har ƙofarsa mu tsaga masa ya biya ladan aiki, wannan ne amfanin abin da ke rataye a bayan mota. Uwargida ce ke riƙe littafin bashi, kuma tun da ta karɓa masu cewa sai ranar kasuwar Pitowa suka ragu.

Wani abu kuma da dole in faɗa. Injin nan ci gare shi, abin da mutum biyar zasu kwana biyu suna yi ya gama kafin hantsi, kuma in ba ka yi hankali ba shi zai fara tura ka daji neman abin da zaka bashi. Da labari ya bazu mutane sun zo min da tayi iri-iri, wani kaɗanya ya sare ɗanya shar, wani yace akwai maɗaci a bakin mayo, wato rafi, a kawo min da dare, wani ma daga wajen gandun Binuwai inda doka ta hana taɓawa. Ba na saye. Ba tsoron jami'an gandun daji kaɗai ba, ko da yake su ma suna zuwa suna duba takarda kuma tarakta ba abar ɓoyewa bace, ni na ga yadda hanyar Ngong take da itatuwa ina yaro na ga yadda ta koma yanzu, kuma kaɗanyar da aka sare matan ƙauyen ne aka yanke wa man da suke sayarwa duk shekara. Abin da iska ta kayar, abin da aka cire don gini, sassaben da mai gona ke da izininsa, turaren da mutum ya shuka da hannunsa don sayarwa, waɗannan sun ishe ni. Na kuma zagaye gonata da kasiya da darbejiya, su in ka sare suna sake tohowa daga kututturen, na farkon har mun fara rage musu rassa.

Da hadari ya fara haɗuwa a watan Mayu muke sauke injin daga bayan tarakta. A maida sandar silinda ciki gaba ɗaya, ɗan abin da ya rage a waje a shafe shi da giris, a toshe bakin tiyo, a ɗora shi kan katako a rumfa a rufe tankin kar ruwa ya shiga, garma ta koma mazauninta. Bana dai akwai gyara biyu dake jirana kafin kaka. Mai walda na so ya yi min wuƙa mai baki huɗu da za a riƙa zurawa a kan ta asali don darbejiya da kasiya su fita gida huɗu a saukowa ɗaya, Baba yace a yi amma da sharaɗin a cire ta in an zo kan marke da kirya, Kawu kuma yace shi bai yarda da ita ba sam sai ya gani. Na biyun shi ne rigar robar da ke rufe sandar piriz ta tsage, na ɗaure ta da waya na wucin gadi, na aika Yola an ce babu girmanta, yanzu wani direba mai zuwa Duwala na ba wa tsohuwar ya tafi da ita ya gwada a can.